Minti 80 a Tashar Gadi ta Ɗaya: Me Ya Hana Jirgin Laffey Nitsewa?

A gaɓar Charleston, jihar South Carolina ta Amurka, akwai wani tsohon jirgin ruwan yaƙi ɗaure da igiyoyi, lamba 724 a goshinsa. Kusa da shi wani ƙaton jirgin dakon jiragen sama ne mai suna Yorktown, wanda ke ɗauke hankalin duk baƙon da ya shigo gidan tarihin Patriots Point, sai mutum ya waiga kafin ya lura da ƙaramin. Sunan ƙaramin Laffey, kirarinsa kuma jirgin da ya ƙi mutuwa. Shekara 31 ce tsakanin shigarsa aiki da sallamarsa, daga 1944 zuwa 1975, amma kirarin nan cikin minti 80 ya same shi, da safiyar Litinin 16 ga Afrilu, 1945, arewa da tsibirin Okinawa na Japan, a Yaƙin Duniya na Biyu.

Labarin da aka fi bayarwa gajere ne. Jiragen saman Japan 22 suka yi masa rubdugu, shida suka afka masa da gangan, bama-bamai huɗu suka same shi, mutum 32 suka mutu, 71 suka jikkata. Ana tsakiyar wuta wani hafsa ya tambayi kyaftin ko lokacin barin jirgi ya yi, kyaftin ya ce muddin akwai bindiga ɗaya da ke tashi ba zai bar jirginsa ba. Nan yawancin masu ba da labari suke tsayawa. Sai dai an ruwaito cewa wani ƙaramin soja da ke tsaye kusa ya ƙara da murya ƙasa-ƙasa, yadda kyaftin bai ji ba: in dai an samu wanda zai harba ta. Ni a ganina maganar yaron ta fi ta maigidansa bayyana abin da ya faru ran nan.

Sojojin ruwa suna kiran irin wannan jirgi distiroya. A Ingila aka fara ƙera shi wajen 1893, lokacin da ƙananan kwale-kwale masu harba tofido, wato bam mai ninkaya ƙarƙashin ruwa da farfelarsa, suka zame wa manyan jiragen yaƙi ƙarfen ƙafa. Aka yi jirgi mai sauri don ya farauce su. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu ya kankama, distiroya ya zama ɗan aiken runduna. Shi ne rakiyar ayari, shi ne farautar jiragen ƙarƙashin teku, shi ne luguden igwa a gaɓa kafin sojojin ƙasa su sauka, shi ne tsamo matuƙin jirgin sama da ya faɗa ruwa, har kai wasiƙu shi ne. Sulke kuwa babu. Ƙarfen jikinsa bai wuce kaurin yatsa ba, shi ya sa mutanen cikinsa suke ce masa gwangwani. Abin da ya dogara da shi gudu ne da bindiga.

Ma'aikatar Bath Iron Works da ke jihar Maine ce ta ƙera Laffey. An aza ƙashin bayansa ranar 28 ga Yuni, 1943, aka tura shi ruwa 21 ga Nuwamba, ya shiga aiki 8 ga Fabrairu, 1944. Wata bakwai da 'yan kwanaki ke nan, kuma wannan saurin ƙira yana cikin abubuwan da suka karya Japan. Tsawonsa kusan mita 115, wato ya ɗan ɗara filin ƙwallo, faɗinsa kuwa mita 12 da rabi kacal. Tukwanen tururi huɗu ke juya farfela biyu, yana iya cin kilomita 63 a awa. Manyan igwoginsa shida ne masu bakin inci 5, bibbiyu cikin ɗakunan ƙarfe uku masu juyawa, biyu a gaba, ɗaya a baya. Ga bindigogin kakkaɓo jiragen sama, 12 masu milimita 40 da 11 masu milimita 20. A cikin wannan siririn gwangwani ake cusa mutum 336.

Sunan ma da tarihinsa. Bartlett Laffey sojan ruwa ne haifaffen Ireland wanda ya samu lambar jarumta mafi girma ta Amurka a yaƙin basasarsu, saboda tsayuwar da ya yi kan igwarsa a Yazoo City a 1864. Jirgi na farko da ya ci sunansa ya nitse ranar 13 ga Nuwamba, 1942, a gumurzun dare kusa da tsibirin Guadalcanal a tekun Fasifik, bayan ya yi gaba da gaba da katafaren jirgin Japan mai suna Hiei. Cikin waɗanda suka shaida daren akwai wani hafsa ɗan jihar Arkansas, Frederick Julian Becton, mataimakin kyaftin a jirgin Aaron Ward. Bayan wata biyar, shi Becton yana kyaftin, jiragen saman Japan suka nitsar da Aaron Ward ɗin. Mutumin da aka damƙa wa sabon Laffey ke nan. Ya ga tsohon Laffey ya tafi, ya kuma ga nasa jirgin ya tafi ƙarƙashin ƙafarsa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Atisaye ya dinga ɗora wa mutanensa ba dare ba rana: na harbi, na kashe gobara, na toshe ɓula, na aiki cikin duhu in lantarki ya ɗauke.

Su wa ake yi wa atisayen? Akasarin ma'aikatan irin waɗannan sababbin jirage samari ne da yaƙi ya kwaso daga gona da makaranta da masana'anta, da yawansu ba su taɓa hawa teku ba. 'Yan tsirarun tsofaffin hannu ne ke koya musu. Gadaje hawa uku-uku, mutum na kwance hancinsa na kusan taɓa katifar na sama. Gadi awa huɗu, hutu awa takwas, amma cikin hutun ne ake kankare tsatsa da shafa fenti da goge bindiga. Ruwan sha daga teku ake tace shi, kuma tukwanen tururi ne ke fara sha kafin mutane, don haka wanka na sauri ne. Giya haramun ce a jiragen yaƙin Amurka tun 1914, sai gahawa da askirim suka maye gurbinta. Distiroya ba shi da injin askirim, saboda haka in ya tsamo matuƙi daga ruwa ya mayar wa jirgin dako, al'ada ce a biya shi tukuici da gwangwanayen askirim. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Rundunar ruwan ta lokacin mai wariyar launin fata ce. Baƙaƙen fata da ke jiragen yaƙi galibi aikin kuku da hidimar hafsoshi aka ba su, amma da zarar ƙararrawar faɗa ta kaɗa kowa da wurin tsayuwarsa, suna miƙa harsashi ko ɗaukar raunata kamar kowa.

Ƙararrawar nan ita ce ke mai da taron samari jirgin yaƙi. A ɗauki ɗakin igwa guda. Harsashi ɗaya ya kai kilo 25, albarushinsa daban cikin gwangwanin tagulla. Daga rumbun da ke can ƙasa ake turo su ta na'urar ɗagawa, mutum ya cafe ya ɗora a bakin igwa, wani ya ɗora albarushi, na'ura ta tura, a harba, kwankon mai zafi ya faɗo, wani sanye da safar hannu mai kauri ya kawar da shi. Ƙwararrun ma'aikata na yin haka sau 15 ko fiye a minti ɗaya, kowace igwa. Mutanen da ke ciki ba sa ganin abin da suke harbi. Saiti daga sama yake zuwa, daga na'urar hange da wata kwamfutar ƙarfe mai haƙora da ke cikin cikin jirgi. Wasu harsasan ma da 'yar ƙaramar rediyo a hancinsu, wadda ke sa su fashe da zarar sun kusanci jirgin sama ko ba su taɓa shi ba. Mutum ɗaya ya yi sanyin hannu a wannan sarƙa, igwa ta yi shiru.

Shekarar Laffey ta farko ba sai an daɗe a kanta ba. Ranar 6 ga Yuni, 1944, yana gaɓar Normandy ta Faransa yana gadin jiragen saukar da sojoji. Ranar 25 ga watan, a luguden wutar Cherbourg, wani ƙaton harsashin Jamus ya huda gabansa ya kwanta a ciki bai fashe ba, aka lallaɓa aka mirgina shi teku. Daga nan sai mashigin Panama zuwa tekun Fasifik: Ormoc da Mindoro da Lingayen a Filifin, sannan Iwo Jima. A Filifin ne mutanensa suka fara ganin abin da atisaye bai shirya su a kansa ba.

Tun Oktoba 1944 Japan ta koma ƙunar baƙin wake a hukumance. Ƙwararrun matuƙanta sun ƙare, man jirgi ya yi ƙaranci, yaron da aka koya wa tuƙi cikin gaggawa ba zai iya jefa bam ya samu jirgi mai gudu ba. Amma zai iya nufar jirgin da kansa. Suka kira abin kamikaze, iskar alloli, don tunawa da guguwar da ta tarwatsa jiragen Mongol a 1274 da 1281. Wannan ya rushe lissafin kariya gaba ɗaya. Da can ya isa ka razana matuƙi ya kauce ko ya jefa bam ɗinsa a ruwa. Yanzu sai ka farfasa jirgin a sama, don ko matuƙin ya mutu gangar jirgin na ci gaba da zuwa. Bindiga mai milimita 20 takan huda jirgi ta kunna masa wuta, amma ba ta da nauyin tsayar da shi. Masu aiki can ƙasan jirgi sun san cewa in suka ji ƙananan bindigogin nan sun fara tashi, abokin gaba ya riga ya iso ƙofa.

Amurka ta sauke sojoji a Okinawa ranar 1 ga Afrilu, 1945, da jiragen ruwa fiye da 1,000 a kewayen tsibirin. Kyushu, tsibirin kudancin Japan inda filayen jiragenta suke, tafiyar 'yan awoyi ce ta sama. A watan nan ne kuma sojojin Afirka ta Yamma na runduna ta 82, da Hausawa da yawa a cikinsu, suke can dazukan Arakan na ƙasar Bama suna fafatawa da Japan ɗin nan. Yaƙi ɗaya ne, fage daban.

Matsalar kwamandojin ruwa ta lissafi ce. Rada, na'urar hango jirage daga nesa, ba ta ganin abin da ke bayan lanƙwasar duniya, jirgin da ya sunkuyo kusa da ruwa sai ya matso kafin ya bayyana. Jirgi mai gudun kilomita 400 a awa kuwa yana cin kilomita 50 cikin minti bakwai da rabi. In rada tana tsakiyar ayari, kafin a tura jiragen tarba an makara. Sai aka zana zoben tashoshin gadi a kewayen Okinawa, kowace aka ajiye distiroya mai rada da ƙwararrun da ke jagorantar jiragen sama ta rediyo. Aikinsa ya hango, ya yi shela, ya tura 'yan tarba. A takarda dabara ce mai kyau, kuma ta yi aiki. Abin da ya biyo baya shi ne matuƙan Japan, yawancinsu sababbin hannu cikin tsofaffin jirage, sun san da wuya su kai ga manyan jirage ba a kakkaɓo su ba, sai su afka wa jirgi na farko da suka gani. Mai gadi ya zama abin hari. Ana ba da labarin wani distiroya da mutanensa suka kafa allo da kibiya suka rubuta cewa jiragen dako suna ta can. Ƙananan jiragen da ake haɗa su da distiroya don taimako kuwa, sojoji suka laƙaba musu masu ɗaukar makara, tunda aikin da suka fi yi shi ne kwasar waɗanda suka tsira da gawawwaki.

Tasha ta ɗaya ita ce ta arewa sak, kan hanyar Kyushu. Ranar 6 ga Afrilu aka nitsar da distiroya biyu, Bush da Colhoun, a wannan yanki. Ranar 12 aka raunata wani distiroyan, Cassin Young, a wurin. Laffey ya tsaya a tsibiran Kerama Retto, kusa da Okinawa, ya ɗauki harsasai, mutanensa suka ga jerin jiragen da aka jawo ƙonannu, sannan ya kama hanyar tasha ta ɗaya, kimanin kilomita 50 arewa da Okinawa, tare da ƙananan jirage biyu masu lamba 51 da 116.

Da misalin ƙarfe takwas da rabi na safiyar 16 ga wata rada ta cika da ɗigo, kusan jirage 50. 'Yan tarba suka tsare wasu, sauran suka ratso. Huɗun farko, biyu ta gaba biyu ta baya, duk suka ƙare a ruwa, haka biyun da suka biyo su. Zuwa nan atisaye na biyan kuɗinsa. Sai ɗaya ya ratso ya faɗa kan ƙananan bindigogin tsakiyar jirgi, man fetur ɗinsa ya malale yana ci da wuta. Kafin a farfaɗo wani ya taho ta baya yana ɓarin harsashi ya daki ɗakin igwa na baya, wanda suke kira lamba 53, bam ɗinsa ya tayar da albarushin ciki. Wani ya sake faɗawa kan wannan tarkace mai ci. Sannan bam ya sauka a ƙarshen jirgin ya cije allon juyawa da ke ƙarƙashin ruwa, ya tsaya cak a karkace digiri 26 zuwa hagu.

Daga nan Laffey ba ya iya komai sai zagaye. Abin da ya rage wa Becton shi ne maƙurar inji. In ya ƙara gudu ya fi wuyar samu, amma iska na hura wutar baya tana ƙara mata ƙarfi. In ya rage gudu masu kashe gobara su samu sarari, amma ya zama tsayayyen abin hari. Gaba kura baya sayaki. Haka ya dinga yi, ya taka ya saki, wasu jirage biyu kuma suka sake samunsa ta hagu.

Taimako ya zo daga sama. Jirage huɗu ƙirar Wildcat daga jirgin dako Shamrock Bay suka shiga tsakani, har harsashinsu ya ƙare suka ci gaba da kutsawa gaban maharan don su rikita su. Sai 12 ƙirar Corsair na sojojin kundumbala suka iso. Ɗayansu ya bi wani jirgin Japan kut da kut har ya daki eriyar radar Laffey, ya zubo da ita kan doron jirgi. Bayan minti 80 sama ta yi shiru. Bayan jirgin ya nutsa ƙasa saboda ruwan da ya sha, wuta na ci, amma yana bisa ruwa, inji na juyawa.

To, me ya hana shi tafiya? A nan nake ganin kirari ya rufe bayani.

A ranar nan, a wata tashar gadi, jirgin sama guda ɗaya tak ya faɗa wa distiroya Pringle. Ya shiga ta bayan bututun hayaƙi na gaba, bam ya fashe a ciki ya karya ƙashin bayan jirgin, ya rabe biyu ya nitse cikin 'yan mintoci. Ba wanda zai ce mutanen Pringle sun gaza na Laffey jarumta. A watan Yuni kuma jirgin da ya nufi William D. Porter bai ma same shi ba, ya faɗa ruwa ya fashe a ƙarƙashinsa, jirgin ya nitse. Abin da ke kashe distiroya shi ne a fasa shi ƙasa da layin ruwa, ko a taɓa ɗakunan tukwane da inji da ke tsakiyarsa, ko wuta ta kai babban rumbun albarushi. Kusan duk dukan da Laffey ya sha a sama ne kuma a baya. Ya kashe mutane, ya lalata bindigogi, amma bai kai ga tukwanen tururi ba. Wannan ba dabarar kyaftin ba ce, rabo ne.

Sai dai rabo ƙofa kawai ya buɗe. Tururi na nan, saboda haka lantarki na nan, famfunan zuƙe ruwa na aiki, mesar kashe wuta na da ƙarfi. Amma sai an samu mai jan mesar zuwa cikin hayaƙi inda harsasan milimita 40 ke fashewa da kansu saboda zafi. Sai an samu mai ɗaukar harsashi mai zafi ya jefa teku. Cikin jirgi a rarrabe yake ɗaki-ɗaki da ƙofofin ƙarfe da ruwa ba ya ratsawa, kuma dokar faɗa ita ce a kulle su duka, ko da akwai abokinka a ɗaya ɓangaren. Inda ƙarfe ya ɓule, katifa ake cusawa a danne da katako, a tokare da gungume, a buga ƙusar itace a ƙananan ramuka. Aikin kafinta ne da na mai gyaran famfo, ana yin sa cikin duhu da ruwa har ƙirji. Rundunar ruwan Amurka ta koyi wannan da tsada. Bayan gobara ta cinye mata manyan jirage a 1942, ta ɗauko ƙwararrun 'yan kwana-kwana daga birane irin su New York suka kafa makarantu, aka riƙa tura ma'aikatan sababbin jirage suna kashe wutar mai ta gaske kafin su hau teku. Su kuwa mutanen ɗakin tukwane, ba su ga jirgin sama ko ɗaya ba. Girgiza kawai suke ji da ƙararrawar umarni, a ƙara, a rage, suna murɗa famfunan tururi cikin zafi, sun san in ruwa ya shigo su ne na ƙarshen fita. Da sun bar wurinsu, da maganar kyaftin ta tashi a banza.

Akwai tambayar da ta fi wannan nauyi: an jefa waɗannan jirage ne a matsayin koto? Ban ga alamar an tsara haka tun farko ba, amma bayan makon farko kowa ya ga abin da ke faruwa, aka kuma ci gaba da turawa. Lissafin a bayyane yake. Jirage 22 da suka taru a kan Laffey ba su kai ga jiragen da ke sauke sojoji a tsibirin Ie Shima a safiyar ba. Ta fuskar Japan asara ce a kashe matuƙa da jirage haka a kan gwangwani ɗaya da ma'aikata za ta maye cikin wata bakwai. Ta fuskar kwamandan Amurka ciniki ne mai riba. Ta fuskar uwar da aka aika wa takardar rasuwa, wani abu ne daban. Inda nake ganin laifin manya shi ne jinkirin gyara tsarin. Sai daga baya aka kafa rada a ƙananan tsibirai, aka rage yawan tashoshin, aka ƙara jirage a kowace don su kare juna. Kafin yaƙin Okinawa ya ƙare rundunar ruwa ta rasa mutum kusan 4,900, jirage 36 sun nitse, 368 sun lalace, kuma masu gadi ne suka fi ɗanɗana kuɗarsu.

Aka jawo Laffey zuwa Okinawa aka yi masa faci, ya kama hanya da ƙafarsa ta Saipan da Hawaii har jihar Washington a ƙarshen Mayu. Kafin a taɓa shi sai aka buɗe shi ga jama'a a Seattle, dubun dubatar mutane suka shiga suka ga murɗaɗɗen ƙarfe, don hukuma na neman ma'aikatan gyaran jirage ruwa a jallo. Jirgin ya samu lambar yabo ta shugaban ƙasa, Becton ya samu ta jarumta. Wani da ya sha irin wannan duka bai samu wannan gata ba. Sabon Aaron Ward, magajin sunan tsohon jirgin Becton, an yi masa rubdugu ranar 3 ga Mayu, shi ma ya ƙi nitsewa, amma da ya isa gida yaƙi na ƙarewa, aka ga gyaransa ɓarnar kuɗi ce, aka sayar da shi ga masu yankan ƙarfe. Bambancin kwana 17 ne tsakaninsu.

Sauran shekaru 30 ɗin Laffey aikin yau da gobe ne, irin wanda ba a yi wa kirari. Kwanaki kaɗan da fitowarsa daga gyara, a Satumba 1945, ya yi karo da wani ƙaramin jirgin sintiri na ƙasarsu cikin hazo kusa da San Diego, ƙaramin ya nitse, mutum ɗaya ya rasu. A 1946 yana tsibirin Bikini a tekun Fasifik yana tattara bayanai a gwajin bam ɗin nukiliya. Aka ajiye shi a 1947, yaƙin Koriya ya sa aka tashe shi a Janairu 1951, ya yi musayar wuta da igwogin gaɓa a tashar Wonsan a 1952. Ya yi sintiri a Bahar Rum lokacin rikicin Suwez na 1956. A 1962 aka yi masa gagarumin kwaskwarima don farautar jiragen ƙarƙashin teku na Tarayyar Sobiyet: sababbin na'urorin sauraro, sababbin tofido, da filin saukar wani ƙaramin helikwafta marar matuƙi. Bindigogin milimita 40 da 20 da suka yi faɗan Okinawa tuni an kwashe su, don ba su da abin yi wa jirgin sama mai injin jet. Ma'aikata kuwa sun sauya sau da dama, kowane rukuni ya yi shekara biyu ko uku ya wuce. Akwai waɗanda suka yi aiki a cikinsa a ƙarshe da ba a haife su ba ranar da aka ƙona lamba 53. An sallame shi a Maris 1975, shi ne na ƙarshe a cikin 'yan ajinsa da rundunar Amurka ta ajiye. Da yawa daga sauran an sayar wa ƙasashe irin su Taiwan da Turkiyya da Ajantina, wasu aka yanka, wasu aka yi gwajin makami a kansu. Ya isa Patriots Point a 1981, aka sa shi cikin wuraren tarihi na ƙasa a 1986.

Nan kuma ya gamu da abokin gaban da bai da gaggawa. Jirgin da ke aiki yana da ɗaruruwan hannaye masu kankara da fenti kullum, ana kuma ɗaga shi daga ruwa lokaci-lokaci a duba cikinsa. Jirgin gidan tarihi yana zaune ne cikin ruwan gishiri da 'yan ma'aikata ƙalilan da kuɗin tikiti. A ƙarshen 2008 aka gano ɓula fiye da 100 a jikinsa, ana ta zuƙe ruwa, ana fargabar zai nitse a inda yake ɗaure. Abin da jirage 22 suka kasa, tsatsa ta kusa gamawa. Gwamnatin jiha ta ba da rancen dala miliyan 9.2, aka ja shi zuwa ma'aikatar Detyens a Agusta 2009, masu walda suka yanke ruɓaɓɓen ƙarfen ƙasansa suka sa sabo. Bai koma mazauninsa ba sai Janairu 2012. Ƙungiyar tsofaffin ma'aikatansa ta daɗe tana shirya zuwa aikin gayya, dattawa da guduma da burushin fenti, aikin da suka fi ƙi suna samari.

Don haka wanda ya hau Laffey yau yana taka wani abu mai kama da gatarin gado da aka sauya wa ƙota aka kuma sauya ruwa. Siffarsa ta shekarun 1960 ce, ƙasansa na 2009. Gidan tarihin ya mai da ɗakin igwa na baya wurin nuni. Baƙi kan shiga su tsaya inda masu loda harsashi ke tsayawa, a kunna musu hoto da ƙarar safiyar 16 ga Afrilu. Lambar ɗakin 53 ce har yanzu. Wanda mutanen suka mutu a ciki kuwa, tarkacensa aka sauke a ma'aikatar gyara tun 1945.